Baƙin Kare da Gidan Tsakiya

Timgad, 12 ga Oktoba, 1981

Zuwa ga ɗan gwaggona Balkasim, a Liyon.

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, ƙirjin nan naka kuma ya daina kuka kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke riga rediyo faɗin za a yi ruwa. Uwargida Zarfa tana gaishe ka. Ita dai komai nata ya tsufa ban da bakinta. An sa bikin ɗanmu Lazhar bayan girbin alkama, muna kan gina masa ɗaki biyu a bayan namu. Karenka Barud ya ci ƙashin layya har ƙibarsa ta zama abin kunya. Kullum sai ya bi ni wurin aiki ya miƙe a inuwar babbar ƙofa, kai ka ce shi aka ɗauka gadin kangon Rumawa ba ni ba. Gidanka na tsakiya yana nan a kulle yadda ka bar shi shekara huɗu da suka wuce. In na zo wucewa nakan ja kwaɗon in ji ko yana nan daram.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jiya da hantsi ina zagaye a dandali, sai na tarar da wani farfesa da ɗalibansa sun durƙusa a kan dutsenmu, wanda ke gindin ginshiƙi na uku in ka hau matakala. Yana auna ramukan, yana gaya wa ɗaliban wai a nan mutanen da suke zuba wa gumakansu mai. Na yi haƙuri, na yi haƙuri, har na kasa.

Na ce, "Malam, a gafarce ni, ƙirga su mana. Bakwai sau bakwai ne. Harbaga ce, darar makiyaya."

Ya ɗago ya dube ni daga hula har takalmi. "Kai kuma wa ya gaya maka?"

"Babu wanda ya gaya mini. A kanta awakin babana suka sha ɓacewa."

Ɗaliban suna da dabino a jaka. Muka cinye muka tara ƙwallayen, na tsinto tsakuwa, na nuna masa yadda ake jera 'ya'yan darar, waɗanda muke kira karnuka, a gidajensu a bar gidan tsakiya babu kowa, da yadda ake kashe kare in an sa shi tsakanin biyu. Na cinye shi sau uku kafin azahar. Ashe mutumin kirki ne, ya yi ta dariya. Ya ce ko da dara ce, Rumawa ne suka sassaƙa ta. Na ce ban musa ba, amma rabin zurfin ramukan aikin yatsuna ne da na ɗan gwaggona.

Da suka tafi na zauna ni kaɗai, sai kewarka ta kama ni, ba zan ɓoye maka ba. Ka tuna wasan da muka bari ranar da za ka koma? Direba yana ta danna hon a bakin hanya, ka miƙe kana kakkaɓe wando kana cewa, "Ajiye mini, kada ka taɓa." Ban taɓa ba. A ranar na zana shi a takarda, na zuba karnukan a gwangwanin shayi. Baƙaƙenka na ƙwallon dabino tara ne, fararena na tsakuwa bakwai, gidan tsakiya babu kowa, kuma kai ke da tafiya.

Tunda ba ka da niyyar zuwa, mu ƙarasa shi ta wasiƙa. Ga zanen na kwafa maka a bayan takardar nan. Dokarmu ta yarinta tana nan: wanda ya tsaya nazari har inuwar ginshiƙi ta tsallake dutse guda, an kashe masa kare ɗaya, tafiya kuma ta koma hannun abokinsa. Tunda inuwar Timgad ba ta kai Faransa, na ba ka kwana arba'in.

Zan ba maƙwabcinmu Si Tayyib takardar, jibi zai koma Liyon, hutun Sallarsa ya ƙare. Ka gaida 'yarka Luwiza da mijinta da yaran.

Ɗan kawunka da ya fi ka iya wasa,
Ayyash

Liyon, 27 ga Nuwamba, 1981

Zuwa ga ɗan kawuna Ayyash.

Sallama da gaisuwa mai yawa gare ka da Zarfa da yara duka, ina fatan kuna lafiya. Rabon da in ga rubutunka tun azumi, amma na san halinka, ka fi son hira da duwatsu a kan riƙe alƙalami. Ni lafiya ƙalau, sai tarin da ka sani. Likita ya ce ƙurar masana'anta ce, in na bar ta zai bar ni.

Kuma zan bar ta ɗin. Ƙarshen Janairu za su sallame ni, shekara ashirin da huɗu ke nan ina zuba narkakken ƙarfe. Na ɗauka ranar da aka gaya mini zan yi tsalle, sai ga shi na fito na tsaya a bakin titi ban san inda zan nufa ba. Luwiza ta samo mini ɗaki a benen da ke kusa da nasu. Ɗaki ne mai kyau, akwai ɗumi, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Mai shi yana son in sa hannu kafin Janairu ya ƙare. Ita kuwa kullum maganarta, "Baba, tun rasuwar Mama kake zaune kai kaɗai, wa kake da shi a can da ya fi jikokinka?" Yaya zan yi wa yarinyar da aka haifa a nan bayanin ƙanshin tazargade bayan ruwa, ko zama a matakalar dandali har sanyin dutse ya ratsa wando?

To amma akwai abin da ke ci mini rai, gara in faɗa. Ranar Lahadi a gidan gahawa wani mutumin Batna ya ce ya ji Lazhar zai yi aure, ana neman inda za a sa amarya. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Sai dai tun ranar nake juya maganar. Gidan tsakiya rabon mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. Ni ɗan mace ne a gidan kakanmu, na kuma bar wurin a kulle ɓeraye suna sha'aninsu, alhali ɗanka yana neman ɗaki. In mutane sun fara magana ba su yi laifi ba. Wataƙila wurina ya cike tun tuni, ni ne ban sani ba.

Don haka nake tambayarka tsakani da Allah: in na dawo akwai inda zan sa kaina, ko in sa hannu a takardar mutumin nan? Kada ka yi mini kara. Ko layi biyu ne rubuto mini, zan gane.

Yaya Barud? Ina fatan bai dame ku da ɓarna ba. Ranar da na tsince shi a ramin wankan Rumawa bai fi tafin hannuna ba, baƙi ƙirin kamar gawayi, yana rawar sanyi. Ka shafa mini kansa.

Naka,
Balkasim

Kati mai hoton dandalin Timgad, babu kwanan wata

Ɗan gwaggo, na jira har na gaji, lokacin da na ba ka ya cika ya wuce. Na kashe baƙin karenka, na kuma shiga gidan tsakiya na zauna daram. In kana da ja, zo ka fitar da ni.

Ayyash

Liyon, 16 ga Disamba, 1981

Zuwa ga Si Ayyash.

Bayan sallama, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Katinka ya iso jiya. Na roƙi layi biyu, ka ba ni huɗu, na gode. Na kuma gane, kamar yadda na ce zan gane.

Maganar gida ba ni da ja, ni na tambaya aka ba ni amsa. Ba zan zo in fitar da kowa ba. Ban taɓa ɗaga maka murya ba tun muna yara, ba kuma zan fara da furfura a kaina ba. Ga makullai biyu na naɗe a ƙyalle cikin ambulan ɗin nan, na ƙofar waje da na ɗakin ciki. Na wajen na san yanzu ba ka da buƙatarsa. Na cikin nake roƙo ka buɗe da shi, kada a fasa ƙofar, kakanmu ne ya sassaƙa ta da hannunsa. Akwatin mahaifiyata da dutsen niƙanta a ajiye wa Luwiza a wani lungu.

Amma karen, Ayyash. Me Barud ya yi maka? In ya dame ku ne, da ka ba makiyaya shi, akwai masu so. Kai ne fa ka taɓa saɓo ɗan akuya a kafaɗa tun daga kangon har gida don ya karye a ƙafa, kana kuka kana cewa kada a yanka shi. Tun jiya nake juya katin nan ina neman wancan mutumin a ciki, ban same shi ba. Kuma duk katunan da ake sayarwa a bakin ƙofa, sai ka zaɓi mai hoton dandali, har ginshiƙinmu ya fito. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Luwiza ta karanta, ta ce ita za ta ba ka amsa. Na hana ta, na ce baffanta ne kai ko me ka yi. Mai ɗakin ya yi tafiya, zai dawo ashirin da biyar ga Janairu, ranar zan sa hannu.

Allah ya sanya alheri a bikin Lazhar. Ka gaida Zarfa, ita ba ruwanta.

Balkasim ɗan Mubarka

Timgad, 29 ga Disamba, 1981

Zuwa ga ɗan gwaggona Balkasim, sakarai na biyu a zuriyar kakanmu. Na farkon shi ke rubuto maka.

Gaisuwa a taƙaice yau: kowa lafiya, har da wanda kake makokinsa. Dubi ƙasan takardar nan. Wannan tambarin ƙafar Barud ne, baƙin tukunya na shafa mata na danna. Sai da ni da Lazhar muka danne shi, duk da haka ya yage mini hannun riga. Mataccen kare ba ya yage riga.

Bari in ɗauko maka daga farko. Wasiƙarka ta Nuwamba ta iso kwana biyu bayan na jefa katin nan a akwati, saɓani suka yi a hanya. Na karanta na yi murna har na kasa cin abinci. Amma na ga ba ka ce uffan a kan wasan ba, sai na ce a raina, wato ya ga zai sha kashi shi ne yake kwana-kwana. Zarfa ta ce in ba ka amsa a ranar. Na ce tambayar banza ce, wa ke neman izinin shiga gidansa? Ba zan rubuta ba sai ka aiko da tafiyarka. Wannan taurin kan nawa ne, na ɗauki laifinsa.

Shekaranjiya muna cin abincin rana na buɗe ambulan ɗinka, sai ga makullai sun faɗo cikin kwanon kuskus. Na ga "Si Ayyash", irin kiran girmamawar da ake yi wa bare, na juya ambulan in duba ko na wani ne. Na karanta har ƙasa ban gane kan zancen ba, sai na karanta wa Zarfa.

Ta ajiye cokali. "Tsaya. Me ka rubuta masa a katin nan?"

Na faɗa mata tiryan-tiryan.

"Sake faɗa a hankali, kamar kai ne a can kai kaɗai, kana jira a ce maka zo ko kada ka zo."

Na fara, ban kai ƙarshe ba na gane abin da na aikata.

"Innalillahi! Shekara sittin da biyu a duniya, ka aika wa mutum ka kashe masa kare ka ƙwace masa gida, a kati ko ambulan babu, kowa daga nan har Faransa ya karanta!"

Na ce, "Ai ya san wasa nake nufi, na rubuta masa komai tun Sallah."

"Ta hannun wa?"

"Si Tayyib."

"Si Tayyib da ya taɓa mance matarsa a kasuwar Batna?"

Ko hannu ban wanke ba na nufi gidansu. Matarsa Hadda ta ce ita ba ta ga wata takarda ba. Na ce me yake sanye da shi ranar da muka yi sallama? Ta ce alkyabbarsa ta Sallah, ga ta can a rataye, ba ya zuwa da ita Faransa. Ta zura hannu a hular alkyabbar, inda kowane mutumin dutsen Awras ke jefa abin da aka ba shi a hanya, ta zaro wasiƙata, da busasshen ɓaure uku, da tabarau ɗin da yake nema tun bara. Wata biyu da rabi ina ƙirga maka kwanaki, ashe takardar ba ta wuce gida huɗu daga ƙofata ba. Ga ta nan na haɗo maka, karanta ta kafin ka ƙarasa wannan.

Ka karanta? To. Baƙin karenka ƙwallon dabino ne. Gidan tsakiya rami ne da bai fi bakin kofin gahawa ba.

Yanzu saura nawa haushin. Na ji kunya, amma ni ma na ji ciwo. Ni, Balkasim? Ni da muka sha nonon akuya ɗaya? Ka zauna ka yarda zan iya wannan? Kuma wa ya taɓa ce maka ɗan mace a gidan nan? Rabin duwatsun bangon Gwaggo Mubarka ce ta ɗauko su a bayanta. In na sake ganin "Si" a gaban sunana da rubutun hannunka, wallahi har Liyon zan zo in ja maka kunne a gaban jikokinka.

Sai dai kai ka ja wa kanka: tunda ka aiko da makullai, yanzu kam na shiga gidan tsakiya da gaske. Gara ma da na shiga. Rufin ɗakin ciki yana yoyo daidai kan akwatin Gwaggo. Mun janye shi, babu abin da ya lalace sai bargo ɗaya. Lazhar zai gyara rufin in dusar ƙanƙara ta narke, Zarfa kuma ta ce da kanta za ta shafa farar ƙasa. Makullan ba zan mayar maka a ambulan ba. Suna rataye a ƙusa bayan ƙofata, mai su ya zo ya ɗauka.

Layi biyu ka nema, ga su. Kada ka sa hannu. Dawo gida.

Kuma har yanzu kai ke da tafiya.

Ɗan kawunka,
Ayyash

Liyon, 11 ga Janairu, 1982

Ɗan kawu, sakarai na farko.

Ina gaishe ku duka, musamman Zarfa, wadda ita kaɗai Allah ya ba hankali a gidajen nan uku. Mu nan lafiya. Na karanta wasiƙun biyu a tsaye a bakin ƙofa, na yi dariya har tari ya sarƙe ni, maƙwabciyata ta fito da kofin ruwa tana tambaya ko a kira likita. Bayan dariyar na shiga na zauna na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka. Ka yafe mini. Da wata rana ce daban katin ya zo, da tun layin farko na gane shi. Shekara nawa muna kashe wa juna karnuka? Amma ya same ni na yi kusan kwana ashirin ina jira a ce ba ni da wuri, sai na karanta abin da nake tsoro.

Na kai wa Luwiza tambarin ƙafar Barud. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, mutanen Awras duk haka kuke?" Na ce a'a, mu biyu ne kawai. Ba ta ji daɗin tafiyata ba, amma ita da kanta ta aika wa mai ɗakin ya nemi wani. Ta ce in tanadar musu wuri, za su zo bikin Lazhar. Si Tayyib kuwa na gan shi ranar Juma'a a masallaci. Ya rungume ni ya ce, "Af, akwai saƙon da Ayyash ya ba ni, bari in tuna." Har yanzu yana kan tunawa.

Maganar wasa: kisan karen nan haramtacce ne, tunda inuwar a hular alkyabba ta maƙale. Amma na bar maka shi. Na jera ƙwallaye a tebur yadda zanenka ya nuna, na sa farinka a gidan tsakiya, na duba, na sake dubawa. Ayyash, ko dai tsufa ya fara taɓa ka? Ba zan rubuta tafiyata ba. Da hannuna zan ajiye ta. Zan shiga jirgin ruwa ƙarshen Maris in Allah ya yarda.

Ɗan gwaggonka,
Balkasim

Timgad, 4 ga Afrilu, 1982

'Yata Luwiza,

Ina gaishe ki da mijinki da jikokina, Allah ya yi muku albarka. Na iso lafiya ranar Talata. Tarin ya ragu, ina kuma shan maganin yadda na yi miki alkawari. Gidan sai ƙanshin sabuwar farar ƙasa. Zarfa tana ɗura mini kuskus da naman rago kamar wanda ya dawo daga kurkuku. Karen da na yi wa kuka kuwa haushi ya yi ta yi mini kamar ɓarawo, sai da na ba shi ƙashi ya tuna muna da zumunci.

Jiya bayan la'asar muka je kangon. Baffanki ya hana ni bi ta ɓarauniyar hanyar makiyaya, wai ni baƙo ne daga Faransa, sai ta ƙofa. Muka bi babban titin, ƙafata tana faɗawa cikin sawun da kekunan Rumawa suka ci a dutse, muka hau matakala muka shiga dandali. Na ɗauka zan tarar ya ƙanƙance yadda komai na yarinta ke yi, amma yana nan da faɗinsa. Shamuwa sun dawo sun yi sheƙa a kan ginshiƙai suna ta kaɗa baki, jan fure ya fito a tsagin duwatsu, can nesa kuma dutsen Awras bai gama tuɓe farar hularsa ba. Wasu 'yan matan makaranta suna zaune a inda gumaka suka taɓa tsayawa, suna cin burodi da zaitun. Na ji daɗi a raina irin wanda na manta akwai shi. Ban nemi dutsenmu ba, ƙafafuna ne suka kai ni.

Ya zaro gwangwanin shayi da takardar zanen, duk ta yi laushi don ninkewa. Ya jera karnuka, ya cire baƙina ɗaya ya jefa aljihu yana kallona, ya ɗora farar tsakuwarsa a gidan tsakiya. Kin tuna abin da na nuna miki a tebur: in na matsar da kare ɗaya gida guda, nasa uku sun mutu har da na tsakiyar. Mutumin da ban ci sau goma ba a rayuwata!

Na ce, "Ayyash, ko jikana ba zai yi wannan tafiyar ba. Idonka ne ya taɓu ko kanka?"

Ya ce, "Yi wasanka, inuwa tana tafiya."

"Sai ka faɗa mini."

Ya sosa kan Barud. Can ya ce, "Shekara huɗu ina ce maka zo Sallah, zo ka ga gida, zo ka duba gwiwata, kana cewa sai baɗi. Na san ka. Za ka iya haƙura da ni, amma ba za ka iya haƙura da kare uku a tafiya ɗaya ba. Kuma ba za ka yarda ka ci ni a takarda ba, inda ba ka ganin fuskata."

Na riƙe ƙwallon a hannu, idona ya cika har ramukan suka haɗe mini. Inuwar ginshiƙi ta kusa bakin dutse. Na ajiye shi, na tsince farar tsakuwarsa daga tsakiya na miƙa masa, na ce, "Fita mini daga gida." Ya fashe da dariyar da sai da 'yan matan suka juyo, shamuwa ɗaya ta tashi.

Sauran wasan bai daɗe ba, na cinye shi tas. Na kai hannu zan mayar da karnukan gwangwani, ya riƙe ni. Ya ce, "Ajiyar me kuma? Tura su gindin ginshiƙi, gobe war haka muna nan." Takardar zanen ya yage ta. Gwangwanin ya kai wa Zarfa, ta zuba allurai.

Na mance hular sanyina a bayan ƙofar ɗakinku, ki taho mini da ita lokacin biki, kada dai ki ba Si Tayyib. In za ki rubuto, ba sai kin sa sunan baffanki a ambulan kamar da ba. Ki sa sunana, ki sa Timgad, gidan tsakiya. Mai kawo wasiƙu ya sani, jiya da safe ya gan ni ina share ƙofa.

Babanki,
Balkasim